Sababbin Gwiwoyin Inna Furera

"Ke 'yar nan, ki sake ni! Ki sake ni na ce!"

"Saura kaɗan, Inna... ki daure, wallahi saura kaɗan."

"Wayyo Allah ƙafata! Kashe ni za ki yi? Me na tare miki a duniya?"

Tahira ta cije leɓe, ta kau da kai don kada ta ga fuskar mahaifiyarta. Hannu ɗaya ta tallafe ƙasan gwiwar, ɗayan ta riƙe idon sawu, tana tura diddigen baya a hankali kamar yadda aka koya mata a asibiti. Gumi ya jiƙe mata ɗankwali. Inna Furera ta damƙe ƙarfen gado, jikinta sai ɓari yake.

"Allah ya isa tsakanina da ke! Allah ya isa!"

Daidai nan aka ɗaga labule.

Ashe an jima ana rafka sallama a tsakar gida, ihu ya hana su ji. Hajiya Safara'u ce, mahaifiyar Tasi'u, saurayin da garin Gidan Tsamiya kaf ya san shi zai auri Tahira in an yi kaka. Tana tsaye riƙe da langar farfesun zabuwa, ta zo dubiya, bakinta a sake.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Tahira ta ajiye ƙafar a hankali, ta zube ƙasa. "Sannu da zuwa, Hajiya... ina kwana?"

Ko kallo ba ta ishe ta ba.

"Furera, haka ake miki a gidan nan? Kwana goma sha biyu da yanka ki?"

Inna ta goge hawaye da gefen zani. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta dubi 'yarta, ta sunkuyar da kai.

"Sannu da hanya, Hajiya. Ya mutanen gidan?"

Abin da ta iya faɗa ke nan. Hajiya ta dire langar a bakin ƙofa, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta juya. Ko zama ba ta yi ba.

Wanda bai san Inna Furera ba zai ce mugunta ce ta hana ta wanke 'yarta. Ba mugunta ba ce, kunya ce. Tahira 'yar fari ce, kuma ita kaɗai ce ta tsaya, sauran duk sun koma tun suna goye. Inna kuwa irin matan da ne, masu riƙon alkunya kamar farilla. Shekara ashirin da huɗu Tahira ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, sai dai "ke 'yar nan". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta tare mata faɗa ko da ita ce da gaskiya. Da a ce Inna ta buɗe baki ta kare 'yar farinta a gaban surukai, gara ƙasa ta tsage ta shige.

Su kuwa gwiwoyin, shekaru ne suka cinye su. Tsugunon ɓarar gyaɗa, surfe, ɗaukar ruwa, tun mijinta Malam Umara yana da rai har bayan rasuwarsa. Shekara uku na ƙarshe da jan gindi Inna take zuwa ban ɗaki. Ƙaninta, Kawu Iliyasu mai hatsi a Dawanau, shi ya ɗauke ta ya kai ta wani babban asibiti a birni, aka cire gwiwoyin duka biyu rana ɗaya, aka sa na ƙarfe.

Ranar sallama, likitar gashin ƙashi, wata Malama Muhsina, ta ja Tahira gefe.

"Ki saurare ni da kyau. Aikin likita ya ƙare, naki ne ya fara. Sau uku kullum za ki lanƙwasa ƙafafun nan, ki miƙe su, ki tayar da ita ta taka. Za ta yi kuka. Za ta zage ki. Amma sati shidan farkon nan su ne komai. In kika ji tausayinta yanzu suka sandare, to kin cuce ta har ta koma ga Allah."

Tasi'u yana tsaye a wurin aka yi maganar, har da gyaɗa kai.

*

Ranar da Hajiya ta zo dubiyar, bayan la'asar, Tahira ta ji tsayuwar babur ɗin Tasi'u a ƙofar gida. Yau babu hon ɗin nan sau biyu da ya saba yi mata na tsokana in ya taso daga firamaren da yake koyarwa a Makoda. Ta yafa mayafi ta same shi a zaure yana kai da kawowa.

"Me ya kai ki, Tahira? Me ya kai ki?"

"Ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwar me? Tun da Hajiya ta koma gida ko ruwa ba ta sha ba. Ta ce da kunnenta ta ji..."

"Ta ji. Ban ce ba ta ji ba. Amma ai ka san dalili. A gabanka Malama Muhsina ta yi bayani."

"Ni na sani! Hajiya kuma ina ta san wata Muhsina? Abin da ta sani, bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ta ce ba za ta shigo da mai Allah-ya-isa cikin zuri'arta ba."

Tahira ta dafa bango. Shekara uku suna tare. Shi ne ya zauna da ita kwana bakwai na zaman makokin Babanta, shi ne yake kawo mata ɗanyar gyaɗa ta farko daga gonarsu kowace shekara, yana cewa sai ta ɗanɗana sannan ta halatta ga sauran mutane.

"To yanzu me kake so in yi?"

Ya sassauta murya. "Tahirata... sanyin raina, dube ni. Na roƙe ta har da kuka. Ta ce abu biyu. Ki daina taɓa ƙafafun nan, ki bar marar lafiya ta kwanta kamar yadda ake barin kowa. Sannan Inna ta faɗa da bakinta, a gaban Hajiya, cewa ta yafe miki ta sa miki albarka. Shi ke nan, a kawo kayan sa rana."

"In daina?"

"Wata ɗaya kacal! In an sa rana sai ki ci gaba."

"Wata ɗaya, Tasi'u? Kafin nan ƙafar ta zama itace."

"Allah ne mai warkarwa, ba ke ba."

"Haka ne. Amma da za ka shuka gero ka ƙi yin noma, ka ce Allah ne mai bayarwa?"

Can ya ce, "Don Allah kada ki raba mu. Wallahi ban san yadda zan rayu ba ke ba."

So dai ba ya jin shawara. Tahira ta ce masa to, ta koma ciki da kukanta, kuma washegari ba ta taɓa ƙafafun Inna ba.

Kwana huɗu gidan ya yi tsit. Mata 'yan dubiya suka riƙa cika ɗakin, wannan ta kawo fura, waccan ta kawo man shafawa, kowa da fatawarta.

"Yauwa, yanzu kika yi hankali, Tahira."

"Ina aka taɓa jin a yanka mutum kuma a hana shi kwanciya? Ko akuya aka yi wa ɗori ai a kan ɗaure ta wuri ɗaya."

"Ki kwanta abinki, Furera, jiki shi ya san lokacinsa."

Inna ta kwanta abinta kuwa, har da barcin rana.

Rana ta biyar da hantsi ta ce za ta zaga. Tahira ta jawo mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta tallafe ta. Ƙafar dama, wadda a makon jiya ta fara lanƙwasuwa har rabi, yau ta miƙe sambal kamar taɓarya. Inna ta yunƙura sau ɗaya, sau biyu, ta koma ta zauna daɓas. Ta jima tana kallon ƙafafun nata.

"Bar shi," ta ce a hankali. "Kawo min fo."

Tahira ta fita tsakar gida ta tsaya. Idonta ya sauka a kan turbar nan da ta bi ta gefen katanga daga ƙofar ɗaki zuwa ban ɗaki, inda jan gindin shekara uku ya goge ƙasa ta yi sumul. Ko ciyawar damina ba ta yarda ta fito a wurin ba.

Ba ta ɗauko fo ɗin ba. Ta wanke hannu, ta koma ɗaki, ta durƙusa a gaban gado.

"Inna, ki yafe min. Miƙo ƙafar."

Ihun ranar har maƙwabta na uku sai da suka ji.

*

Da yamma, Tahira tana shafa wa Inna ruwan sanyi a kan kumburin, ta yi ƙarfin hali.

"Inna... Hajiya Safara'u ta ce ba za a kawo kayan sa rana ba sai ta ji daga bakinki cewa kin yafe min. Ko za ki aika ta zo?"

Inna ta juya fuskarta bango.

"Ni? In zauna in yi maganar aurenki da bakina? Ki rufa min asiri, 'yar nan. A ce Furera ta tsufa ta zubar da kunya?"

"Kalma ɗaya ce, Inna."

"Ai kowa ya san zafin ciwo ne. Wa zai ɗauki maganar mai ciwo?"

"An ɗauka, Inna. Wallahi an ɗauka." Muryarta ta karye. "To ni ki gaya min, mu biyu ne. Kin yafe min?"

Inna ba ta juyo ba. Sai ƙarar kaji a tsakar gida.

"Je ki duba tukunyarki kada ta kama."

Tana gaban murhu wayarta ta yi ƙara.

"An ce an sake jin ihu a gidanku," in ji Tasi'u. Babu sallama.

"An ji."

"Kin yi min alkawari!"

"Na gwada. Kwana huɗu na gwada, ƙafar ta kusa tafiya. Tasi'u, da ka ga idonta lokacin da ta ce in kawo mata fo..."

"Kin zaɓa ke nan."

"Ban zaɓi komai ba! Uwa ɗaya gare ni!"

Ya ja numfashi mai tsawo.

"Ni ma uwa ɗaya gare ni, Tahira."

Ta riƙe wayar a kunne har bayan ya kashe. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ƙarya ya faɗa ba.

Daga nan kwanaki suka yi ta tafiya. Sau uku kullum, safe da azahar da yamma, Tahira tana durƙushe a gaban gado tana murɗa zuciyarta tare da gwiwoyin. 'Yan dubiya suka ɗauke ƙafa. A bakin rijiya in ta iso sai hira ta mutu. Wata ma ta janye 'yarta daga kusa da ita, sai ka ce Allah-ya-isa cuta ce mai yaɗuwa. Kiran Tasi'u ya koma sau ɗaya a sati, daga baya sai saƙo, "Ya mai jiki?" Daga baya shi ma ya ɗauke.

Ta rame, ta yi baƙi. Sau da yawa tana tura diddigen nan tana jin haushin Inna har cikin ranta, tana kuma jin haushin kanta da ta ji haushin. Amma ko sau ɗaya ba ta sake tsallake lokaci ba.

Ƙafafun kuwa suka fara biyan wahala. Sati na biyar Inna ta kai ƙofar ɗaki. Na bakwai ta zaga tsakar gida da ƙarfen dogarawa. Gero yana fitar da kai ta ajiye ƙarfen ta ɗauki sanda. Ranar da ta shiga ban ɗaki da ƙafafunta ta fito, ta tsaya a kan tsohuwar turbar nan ta jan gindi ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ɗago ta dubi Tahira da ke tankaɗe a gindin bishiyar darbejiya, ta dubi ƙasusuwan wuyanta da suka fito.

*

Wata Asabar, bayan an gama yankan gero, Tahira ta fito daga madafa ta tarar da Inna ta ci ado da atamfarta ta zuwa biki.

"Ke 'yar nan, miƙo min mayafina."

"Ina za ki, Inna?"

"Inda ya kamata in je tun wata uku."

"Bari in kira mai babur..."

"Da ƙafata za ni. So nake ta gani."

Gonaki biyar ne tsakaninsu da unguwar su Tasi'u, tafiyar da mai lafiya zai yi kafin ruwa ya tafasa. Inna ta shafe fiye da awa. Tana dogara sanda, tana bin 'yar siririyar hanya tsakanin karan dawa da kunyoyin gyaɗa, Tahira na biye da ita kamar mai bin yaro mai koyon tafiya. Masu roron wake suka miƙe tsaye suna kallo.

"Ikon Allah! Furera ce da ƙafarta?"

Tahira ta ji wani abu mai kama da murna yana motsi a ƙirjinta, abin da ta manta ɗanɗanonsa. Har ta fara tunanin irin kallon da Tasi'u zai yi mata.

Suna dab da ƙofar gidan suka ji guɗa.

Ayyururui!

Tsakar gidan cike da mata, an baza tabarmi, ana ta shewa. Wata ta fito da gudu ta kusa bangaje su.

"Lafiya ake guɗa?" in ji Inna.

"Lafiya lau! Yanzu maza suka dawo daga Dawakin Tofa. An sa ranar Tasi'u da Huseina, 'yar ƙanin Hajiya. Bayan ƙaramar..." Sai a lokacin ta lura da wadda ke bayan Inna. Ta kama baki.

Tahira ta kamo gefen mayafin uwarta.

"Inna, mu koma. Don girman Allah mu koma."

Inna ta fizge mayafinta. Ta shiga, taku ɗaya bayan ɗaya, har tsakiyar taron. Guɗa ta tsaya cak. Hajiya Safara'u ta miƙe daga kan kujera, idonta a kan ƙafafun.

"Furera... ke ce kike takawa? Ku ba ta wuri ta zauna!"

"Ba zama na zo yi ba. Na gaji da zama, shekara uku ina yi." Ta saki sandar ta faɗi ƙasa. Ta tsaya a kan ƙafafunta biyu, tana haki. "Kin ce sai kin ji daga bakina. To ki ji, kowa ma ya ji."

Leɓɓanta suna rawa kamar mai shirin furta abin da ya fi ƙarfinta.

"Tahira..."

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi!"

"Tahira 'yata ce, 'yar farina, kuma na faɗi sunanta, duk mai dariya ya yi. Ƙafafun nan da kuke gani, bayan Allah ita ta ba ni. Ina zaginta tana murzawa, ina tsine mata tana murzawa. Ku kuka ce in kwanta. Da ta bi taku, da yanzu ina kwance ana kawo min fo. Na yafe mata duniya da lahira! Allah ya yi mata albarka! Ni ce ma ya kamata in nemi gafararta."

Hajiya Safara'u ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

"Furera, da kin zo ko da jiya ne... Yanzu manya sun shiga, an karɓa, an yi addu'a. Bakin alƙalami ya bushe."

"Jiya ban isa in kawo nan ba," in ji Inna. "Yau ne ƙafar ta iya. Bakin kuwa tun ranar yake da lafiya, ni na hana shi."

Tahira ta sunkuya ta ɗauki sandar ta damƙa mata. Sau dubu ta yi mafarkin jin sunanta a bakin nan. Ba ta taɓa zaton a gidan da aka sa ranar masoyinta da wata za ta ji shi ba.

A zaure suka yi kiciɓis da Tasi'u, cikin farar shadda, hularsa a hannu. Ya ji komai. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Tahirata..."

"Kada ka ƙara. Ba taka ba ce."

"Wallahi na jira. Na yi ta roƙo, na yi ta..."

"Na sani. Ka bi uwarka, na bi tawa. Ba wanda ya yi laifi, ko?" Ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "Sai dai kai ka ji bayanin likita da kunnenka, Tasi'u. Kai kaɗai ne shaidata a garin nan. Allah ya sanya alheri."

Ta kama hannun Inna suka fita. Bai biyo su ba.

Suka wuce gona biyu. A ta uku ƙafafun suka gaza. Inna ta lallaɓa ta zauna a kan wani kututturen ɗorawa a bakin hanya, tana cije baki. Gwiwar dama ta kumbura, ta fara riƙewa. Ta ɗaga kai ta dubi rana.

"Azahar ta yi," ta ce. "Lokacin abin ne."

Ta janye zaninta zuwa gwiwa, ta miƙo ƙafar da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Zo, Tahira. Lanƙwasa min."

Tahira ta durƙusa a cikin turɓaya. Ta tallafe ƙasan gwiwar da hannu ɗaya, ta riƙe idon sawu da ɗayan, ta fara turawa a hankali. Gwiwar ta tafi, ta tafi, har inda ba ta taɓa kaiwa ba.

Inna ba ta yi ko tari ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan 'yarta ta bar shi a nan.

Masu roron wake a gonar da ke gefe sun ji kuka ya tashi, suka girgiza kai, suka ce yarinyar nan ta sake kama ƙafar uwarta. Ba wanda ya leƙo ya ga mai kukan.